Tekun da ya taɓa kwantawa a ƙasar Wurno

Da wuya manomin Dinawa da ke ƙasar Wurno ya yarda cewa gonarsa ta taɓa zama gindin teku, amma haka abin yake. Kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya malalo daga arewa, ya ratsa inda Sahara take yanzu, ya mamaye ƙasar Sakkwato. Shimfiɗun laka da yashi da ya bari, masana duwatsu sun raɗa musu sunayen garuruwan yankin: Taloka, Dukamaje da Wurno, a samansu kuma Dange da Kalambaina.

Ƙasusuwa ne suka fi yin suna. A 1972 Augusto Azzaroli na Italiya da abokan aikinsa suka sa wa wata ƙatuwar dabbar teku mai dogon baki suna Goronyosaurus, albarkacin yankin Goronyo.

Sai dai ƙashi bai isa ya faɗi zurfin ruwan ko yawan gishirinsa ba. Wannan aikin na wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu ƙwaya ɗaya, foraminifera, waɗanda kan mutu su bar ɓawonsu. Zaƙulo su sai mai haƙuri. A kan ɓaro laka daga gefen tsauni, a jiƙa ta har ta saki, a wanke a rariya mai ƙananan idanu, a shanya. Ɗan garin da ya rage a barbaɗa a faranti ƙarƙashin madubin ƙara girma, a riƙa tsinto ɓawo ɗaya-ɗaya da jiƙaƙƙen buroshi.

Dabarar gane yanayin ruwa ta hanyar ɓawon daga manyan tekuna ta samo ƙarfi. Jirgin Ingila mai suna Challenger, tsakanin 1872 da 1876, ya yi ta jawo laka daga can ƙasan teku, aka tarar da ita maƙil da irin wannan ɓawo, aka fara sanin wanne ke zama a ina.

Da masana 'yan Najeriya irin su Cornelius Kogbe da Sunday Petters suka duƙufa kan duwatsun Sakkwato a shekarun 1970, sai suka ga nau'in foraminifera da ke rarrafe a ƙasan ruwa ya yi rinjaye, masu shawagi a tsakiyar teku kuwa sai jefi-jefi. Ke nan tekun ba mai zurfi ba ne, wani wurin ma kusan fadamar gishiri ce. Ruwan ya fi garau lokacin da farar ƙasar Kalambaina ta taru, wadda ake ƙonawa a yi siminti a Sakkwato tun 1967.