Kare Shi Kaɗai a Gida: Tarihin Ɓarnar da Aka Daɗe Ana Yi wa Gurguwar Fahimta

Hausawa na cewa in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. A Turai da Amurka, inda kare ke kwana ɗaki ɗaya da ubangidansa, lamarin ya wuce na takalmi. Mutum zai fita aiki da safe ya bar ɗan kwikwiyo a gida, ya dawo da yamma ya tarar an yayyaga kujera, an farke matashin kai, an kankare ƙyauren ƙofa, wani lokaci har da jini a ƙasa domin karen ya fasa farce ko haƙori wajen neman mafita. Wanda ya san kare a matsayin abokin farauta ko mai gadin ƙofa yana iya ɗaukar wannan abin dariya. Ga karen kuwa batu ne na rai da mutuwa, domin matsalar ɗabi'a na cikin manyan dalilan da ke sa a kai karnuka gidajen ajiye dabbobin da aka yasar, kuma ba duk wanda ya shiga can ke fitowa da rai ba. An ɗauki shekaru masu yawa kafin a gane abin da ke sa karen yin wannan ɓarna, kuma hanyar da aka bi ta ratsa ta gidan namun daji, da ɗakin binciken halayyar jarirai, har da garejin wani makanike.

Dabbar da ba ta saba da kaɗaici ba

A shekarar 1914 masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bonn na Jamus, suka tono wani kabari mai shekaru kimanin 14,000. A ciki akwai ƙasusuwan namiji da mace, tare da na wani ɗan kare da bai wuce wata bakwai ba. Binciken da aka wallafa a 2018 kan haƙoransa ya nuna alamun cewa ya yi fama da cutar distemfa mai tsanani na tsawon makonni, irin ciwon da kwikwiyo ba ya tsallakewa sai da wanda zai yi jinyarsa. Ke nan tun kafin a fara noma, ɗan Adam ya riga ya jawo kare jikinsa.

A dubban shekarun da suka biyo baya, kare ya rayu ne cikin jama'a. Yana bin mafarauci daji, yana bin makiyayi da garkensa, yana kwance a tsakar gida inda mata ke aiki yara na wasa, ko yana yawo cikin ƙauye tare da 'yan uwansa. Ko da yunwa da duka sun same shi, da wuya a kulle shi a ɗaki shi kaɗai daga hantsi zuwa magariba. Wannan yanayi sabo ne, kuma mutum ne ya ƙirƙiro shi.

Yadda kare ya shiga ɗaki

Sauyin ya fara bayyana sosai a Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, lokacin da masu matsakaicin hali a birane suka mayar da kare ɗan gida. An yi gasar nuna karnuka ta farko a Newcastle a 1859. Wajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka a Landan, kuma a shekarar ce Mary Tealby ta kafa gidan karnukan da suka ɓata, wanda daga baya ya koma unguwar Battersea. A 1873 aka kafa ƙungiyar rajistar jinsunan karnuka ta Birtaniya. Sai dai gidan wancan zamani ba ya rabo da mutane: akwai uwargida, akwai barori, akwai yara.

Ƙarni na 20 ne ya kwashe mutanen. Barori suka ragu, iyalai suka ƙanƙance, masu zaman kaɗaici suka ƙaru. A Amurka, kimanin kashi 34 cikin ɗari na mata ne ke cikin masu aiki ko neman aiki a 1950. Zuwa 1999 adadin ya kai kashi 60. Na wani lokaci, mafitar da aka samu ita ce a buɗe wa kare ƙofa da safe ya yi yawonsa ya dawo da yamma. Yawaitar motoci da dokokin hana sakin karnuka suka rufe wannan hanya. A Birtaniya, dokar kare muhalli ta 1990 ta wajabta wa ƙananan hukumomi naɗa jami'in kama karnukan da ke yawo. A tsakiyar shekarun 1990 kuma aka samu magungunan ƙuma masu ƙarfi da ake ɗigawa a wuyan dabba, abin da ya ƙara sauƙaƙa barin kare a kan kujera da gado. Kare ya matso kusa da ubangidansa fiye da kowane lokaci a tarihi, a daidai zamanin da ubangidan ya fi yawan barin gida.

Zamanin hukunci

Fassarar farko da aka yi wa ɓarnar ita ce ƙeta: wai karen ya ji haushin an bar shi, shi ya sa ya rama. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce yadda yake sunkuyar da kai, ya kwantar da kunne, ya cusa wutsiya da zarar an shigo, kamar mai laifin da ya san abin da ya yi. Maganin da aka saba shi ne a ja shi zuwa wurin ɓarnar, a tura hancinsa, a daka masa tsawa ko a kai masa duka.

Wannan fahimta ta samu rigar kimiyya daga binciken kyarketai. A 1947 Rudolf Schenkel ya wallafa abin da ya lura da shi a gidan namun daji na Basel da ke Suwizalan, inda kyarketan da aka tara a wuri ɗaya ke faɗan neman shugabanci. Masu horar da karnuka suka ɗauki darasin cewa kare mai ɓarna yana neman ƙwace mulkin gida ne, don haka dole a nuna masa ƙarfi. David Mech, masanin da littafinsa na 1970 ya taimaka wajen yaɗa wannan ra'ayi, shi ne kuma ya warware shi a 1999, bayan ya yi shekaru yana kallon kyarketai a tsibirin Ellesmere na Kanada. A daji, garken kyarketai iyali ne na uwa da uba da 'ya'yansu. Faɗan da aka gani a Basel na baƙi ne da aka tsare tare.

Ita ma fuskar mai laifin ba ta tsira ba. A 2009 Alexandra Horowitz ta kwalejin Barnard da ke New York ta gwada karnuka 14. Akan hana kare cin wani abu, mai shi ya fita, sannan a faɗa wa mai shi ko karen ya ci ko bai ci ba, wani lokaci da gangan a faɗa masa akasin gaskiya. Sakamakon ya nuna cewa sunkuyar da kan na bin faɗan da aka yi wa karen ne, ko ya ci ko bai ci ba, har ma waɗanda ba su ci ba suka fi nuna shi idan an tsawata musu. Karen da aka hukunta da yamma kan ɓarnar safe ba ya haɗa biyun. Abin da yake koya shi ne dawowar ubangidansa abar tsoro ce.

Daga jarirai zuwa karnuka

Fahimtar da ta maye gurbin wannan ta fito ne daga nazarin yara. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan illar raba yaro da mahaifiyarsa, daga nan ya gina ra'ayinsa na shaƙuwa. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth, wadda ta yi nazarin iyaye mata da jariransu a Yuganda a tsakiyar shekarun 1950, ta tsara wani gwaji a Baltimore: a sa uwa da ɗanta a baƙon ɗaki, uwar ta fita ta dawo, a lura da halin da yaron ya shiga.

A ɓangaren karnuka, John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekaru 13 a Bar Harbor da ke jihar Maine suna rainon jinsuna biyar, ciki har da basenji ɗan asalin yankin Kongo. Littafinsu na 1965 ya tabbatar da cewa akwai wani ɗan lokaci, daga mako uku zuwa kimanin mako 12 da haihuwa, da kwikwiyo ke ƙulla sabo da duk abin da zai zauna da shi. Sun kuma lura da yadda kwikwiyon da aka keɓe a baƙon wuri ke yin kuka ba ƙaƙƙautawa. A 1982 Peter Borchelt da Victoria Voith suka bayyana wa likitocin dabbobi ɓarna da haushi da yin kashi a ɗaki bayan fitar mai gida a matsayin alamun cuta guda, wadda ake kira fargabar rabuwa. A 1998 József Topál da Ádám Miklósi da abokan aikinsu a Budapest suka maimaita gwajin Ainsworth da karnuka 51 da masu su. Karnukan suka yi abin da jarirai ke yi: wasa idan mai su na nan, tsayuwa a bakin ƙofa idan ya fita, murna ta musamman idan ya dawo.

Ɓarna iri uku

Daga wannan ilimi aka gane cewa ɓarnar ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace da maganinta. Ta farko ita ce ta famfara. Kwikwiyo na da haƙora 28 da ke zubewa daga wajen wata huɗu, manya 42 su maye gurbinsu zuwa wata shida ko bakwai, kuma ƙaiƙayin dasashi kan sa ya tauna duk abin da ya samu, ko da mutum a gida ko babu. Ta biyu ita ce ta zaman banza, musamman ga matashin kare daga jinsin da aka tsara domin kiwo ko farauta. Binciken Lucy Asher ta jami'ar Newcastle a 2020 ya nuna cewa karnuka na ƙara taurin kai ga masu rainonsu a wajen wata takwas, lokacin balagarsu. Ta uku ita ce ta fargaba, kuma ana gane ta da wuri da lokaci: ta fi faruwa a jikin ƙofa da taga, tana farawa jim kaɗan bayan an fita, tare da haki da dalalar miyau da ƙin cin abinci. Kyamarar bidiyo ce ta bai wa masana damar bambance su, kuma a yau wayar hannu kan yi wannan aiki ga kowane mai kare.

Maganin iri biyun farko shi ne motsa jiki kafin a fita, da kawar da abin da ba a so a tauna, da samar da wanda aka yarda a tauna. Fitaccen abin taunar nan na roba mai suna Kong ya samo asali ne daga garejin Joe Markham a jihar Colorado. Karensa Fritz yana lalata haƙoransa da tauna duwatsu, sai ya kama wani ɓangaren roba na ƙarƙashin motar Volkswagen da Markham ke gyarawa ya ƙi saki. Kong ya shiga kasuwa a 1976, daga baya masu horarwa suka fara cusa abinci a cikinsa domin kare ya shagala da ƙwaƙulo shi.

Fargaba kuwa ba ta jin roba. Hanyar da ake bi da ita an aro ta ne daga Joseph Wolpe, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya gano ta ta hanyar gwaji da kyanwoyi kafin ya bayyana ta a 1958 domin jinyar mutane masu tsananin tsoro. Ƙa'idar ita ce a kusanto da abin tsoron kaɗan-kaɗan, ba tare da an kai matsayin firgici ba. Mai kare zai ɗauki makulli ya ajiye ba tare da ya fita ba, sannan ya fita na daƙiƙa biyar, sannan minti ɗaya, yana ƙarawa muddin karen na kwance lafiya. Aiki ne na makonni, wani lokaci watanni, kuma a tsawonsa ana buƙatar wanda zai zauna da karen idan fita mai tsawo ta kama. Ga waɗanda abin ya yi wa tsanani, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Clomicalm a ƙarshen 1998, sannan Reconcile a 2007, dukansu daga magungunan damuwa na mutane, da sharaɗin likitan dabbobi ne zai rubuta su kuma a haɗa su da horo.

Inda ƙasashe suka rabu

Har yanzu ba a daidaita kan keji ba. A Amurka, sabar wa kwikwiyo da kwana cikin keji abu ne da aka saba, kuma yana hana ɗan mai famfara tauna wayar lantarki. Amma karen da ke cikin firgici yana iya karya haƙoransa a jikin ƙarfen. Suwidin ta hana kulle kare a keji cikin gida sai a yanayi na musamman kamar tafiya, kuma ƙa'idarta ta tanadi a fitar da kare aƙalla duk bayan awa shida da rana, 'yan kwikwiyo kuma fiye da haka. A Ingila, dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta lissafa buƙatar zama tare da wasu cikin haƙƙoƙin dabba, kuma ƙungiyar RSPCA na ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu.

Annobar korona ta gwada wannan ilimi gaba ɗaya. Bayan kullen da aka fara a Birtaniya a watan Maris na 2020, jama'a suka yi rububin sayen 'yan kwikwiyo har farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Waɗannan karnuka sun tashi cikin gidajen da ba a fita, ba su taɓa ganin ƙofa ta rufe a bayan mai su ba. Tun kafin a janye dokar kullen, ƙungiyoyi irin su Dogs Trust da Battersea suka shiga gargaɗin masu karnuka da su fara horon tun suna gida: su bar kwikwiyon a wani ɗaki na 'yan mintuna kowace rana, su dawo kafin ya fara kuka, gobe su ƙara kaɗan.