Na'urar kula da baturi: yadda take aiki da amfaninta ga raksha mai lantarki a Umdurman

Na'urar kula da baturi, wadda 'yan kasuwa da makanikai ke kira BMS, ƙaramin allon lantarki ne da ake haɗawa da baturin litiyam domin ya riƙa auna halin da baturin yake ciki, ya kuma yanke wuta idan abu ya fara ɓaci. A babur ko keke mai ƙafa uku ba ta cika wuce tafin hannu ba, a mota kuwa tsari ne mai sassa da yawa. Baturi na cikin kayan da suka fi tsada a abin hawa mai lantarki, kuma tsawon ransa ya dogara ƙwarai ga wannan na'ura.

Inda batun ya shafi Sudan

A Umdurman, raksha, wato abin da Kanawa ke kira adaidaita sahu, ita ce abin hawan talaka, kuma da ita matasa da yawa ke ciyar da gidajensu. Da gwamnati ta janye tallafin man fetur a watan Yunin 2021, kuɗin mai ya soma cinye ribar direba. A shekarar 2022 kamfanin dillancin labarai na AFP ya ba da labarin masana'antar Al-Shehab da ke Bahri, tsallaken kogin Nilu daga Umdurman, wadda a lokacin take harhaɗa raksha da kekunan ɗaukar kaya masu aiki da lantarki. A cewar rahoton, cajin kimanin awa takwas na kai raksha kilomita 100 zuwa 120.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya yi wa unguwar masana'antu ta Bahri mummunar ɓarna. A 2025 kuma hare-haren jirage marasa matuƙa kan tashoshin lantarki a Marawi da Umdurman sun jefa jama'a cikin duhu. Gidaje da shaguna da dama sun koma ga faifan sola da baturi, kuma irin wannan na'urar ce ke cikin baturan litiyam ɗin da suke saye.

Ayyukanta

Baturin abin hawa tarin ƙananan ƙwayoyi ne da aka jera. A nau'in litiyam da ake kira LFP, kowace ƙwaya na ba da ƙarfin wuta bolt 3.2, saboda haka ƙwaya 16 ke ba da bolt 51.2, wanda a kasuwa ake kira baturi mai 48. Bai kamata ƙwayar ta haura bolt 3.65 wajen caji ba, ko ta sauka ƙasa da 2.5 wajen aiki. Na'urar na auna kowace ƙwaya ita kaɗai, da yawan wutar da ke shiga da fita, da zafin jikin baturin. Da zarar an ƙetare iyaka sai ta katse hanya.

Aiki na biyu shi ne daidaitawa. Ƙwayoyin ba sa tsufa tare, kuma mafi rauni a cikinsu ita ke yanke iyakar tafiyar baturin duka, kamar yadda raƙumin da ya gaji ke tsayar da ayari. Na'urori masu araha kan rage wutar ƙwayar da ta riga sauran cika, su zubar da ita a matsayin zafi. Masu tsada kuwa kan kwashe rarar su zuba wa wadda ta yi baya.

Na uku shi ne ƙiyasta cajin da ya rage da kuma lafiyar baturin, wato kashi nawa na ƙarfinsa na asali yake iya riƙewa yanzu.

Ƙirƙire-ƙirƙiren da suka kawo ta nan

Kamfanin Sony na Japan ya fitar da baturin litiyam kasuwa a 1991, kuma tun farko an san ba ya jure wuce gona da iri wajen caji kamar baturin mota mai ruwa. Hanyar farko ta ƙiyasta caji ita ce ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, sai dai ƙananan kurakurai kan taru har allo ya riƙa nuna abin da babu. A 2004 Gregory Plett na Jami'ar Colorado a Amurka ya wallafa hanyar gyara wannan kuskure da wata dabarar lissafi da Rudolf Kalman ya fitar a 1960. A 2020 General Motors da Analog Devices suka sanar da tsarin da sassansa ke aika bayani ba tare da wayoyi ba. Daga Fabrairun 2027 dokar Tarayyar Turai za ta wajabta wa baturan motoci masu lantarki wani fasfo na intanet mai ɗauke da bayanan asalinsu da lafiyarsu.

Matsalar zafi

Baturin litiyam ya fi son yanayi tsakanin digiri 15 da 35, kuma galibin masu ƙera shi na hana caji sama da digiri 45. A Khartum da Umdurman zafin rana a watannin Mayu da Yuni kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe a kan kwalta. A 2012 masu motar Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, mai irin wannan zafi, sun koka cewa baturansu, waɗanda ba su da tsarin sanyaya da ruwa, sun rage ƙarfi da wuri. A Indiya, gobarar baburan lantarki a lokacin zafin 2022 ta sa gwamnati tsaurara ƙa'idojin baturi da na na'urar kula da shi. Darasin ya shafi Agadas, Injamena da Sakkwato kamar yadda ya shafi Umdurman.

Abin lura ga mai saye

Kafin biyan kuɗi ya kamata a tabbatar na'urar na da ma'aunin zafi da ke yanke caji, kuma yawan wutar da take ɗauka ya dace da injin keken. Da yawa daga cikin na yanzu na haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth, inda ake ganin ƙarfin kowace ƙwaya da yawan cajin da aka taɓa yi, abin da ke taimakawa sosai wajen sayen na hannu. Babban bambanci tsakanin ƙwayoyi alama ce ta baturin da ya gaji.

Cajar baturin ruwa ba ta dace da na litiyam ba. Baturin da ya dawo daga aikin rana a bar shi ya huce a inuwa kafin a jona shi, kuma kada a yi caji a ɗakin kwana. Idan na'urar na yawan yanke wuta, wasu masu gyara kan tsallake ta da waya don keke ya ci gaba da tafiya. Yin haka na barin ƙwayoyin ba mai tsaro, ga shi wutar litiyam na da wuyar kashewa, takan kuma sake tashi bayan an zaci ta mutu. Abin da ya dace shi ne a auna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a gano wadda ta lalace.