Tafiya Biyu a Kogin Kwara: 1841 da 1854

Kafin aikin bishara ya kafu a bakin Kwara da Binuwai, an yi tafiya biyu daga Ingila zuwa cikin kogin, shekara 13 tsakaninsu. Samuel Ajayi Crowther yana cikin dukansu. Ta fari ta ci rayukan Turawa wajen 40, ta biyu kuwa ba ta ci ran kowa ba. Kogin bai sāke ba, duka biyun da damina aka yi su, sauro ma yana nan. Ya kamata mu da za a danƙa wa rayukan mutane mu tambaya: me ya bambanta su?

Tafiyar 1841 babba ce. Thomas Fowell Buxton da abokansa sun ciwo kan gwamnatin Ingila ta aika jiragen ruwa uku masu tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, ƙarƙashin Kyaftin Henry Trotter. Nufinsu su ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi, su kuma buɗe gonar gwaji a mahaɗar koguna, inda Lakwaja take yau. Ƙungiyar CMS ta sa mutum biyu a ciki: Rabaran James Schön, Bajamushe wanda daga baya ya wallafa nahawu da ƙamus na Hausa, da Crowther, wanda a lokacin malami ne a Saliyo.

Kada mu ce ba su yi shiri ba. Sun yi, kuma ya ci kuɗi. Amma likitocin zamanin sun ɗauka gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo zazzaɓi, saboda haka aka kafa wa jiragen na'urar tace iska. An toshe ƙofar da ɓarawo ba ya bi. Sun shiga kogi a watan Agusta; farkon Satumba, wajen Ida, zazzaɓi ya fara kā da mutane. Kafin watan ya ƙare an juya da Soudan da Wilberforce zuwa teku cike da marasa lafiya.

A nan ne shari'ar Trotter take da wuya. Da jirgi ɗaya, Albert, ya ci gaba har Egga a ƙasar Nupe. Muna iya gane dalilinsa: duk Ingila na sauraron labari, an yi addu'a, an kashe dukiya, komawa hannu wofi abin kunya ne. Amma kunya ba ta tuƙa jirgi. Lokacin da suka juya a farkon Oktoba, shi kansa yana kwance, injiniyoyi suna kwance. Likita McWilliam ne ya riƙe tuƙi, masanin duwatsu Stanger kuwa yana tā da inji yana duba littafi. A ganinmu kuskuren Trotter ba rashin bangaskiya ba ne. Bai tsai da magana tun kafin tashi ba a kan abin da idan ya faru dole a juya, sai ya zama yana yanke shawara a lokacin da zazzaɓi da nauyin sunansa suka danne shi.

Schön ya lura da abu guda: 'yan Afirkan da ke cikin jiragen ba su mutu kamar Turawa ba. Ya ba CMS shawara a horar da 'yan ƙasa su ɗauki aikin. Aka naɗa Crowther limamin ikkilisiya a 1843.

A 1854 ɗan kasuwa Macgregor Laird ya gina jirgi ɗaya kaɗai, Pleiad, domin a bincika Binuwai, a kuma nemi labarin matafiyi Heinrich Barth. John Beecroft, wanda aka zaɓa ya ja tafiyar, ya rasu kafin jirgin ya iske shi a tsibirin Fernando Po. Ragama ta faɗa hannun likitan jirgin, William Baikie, ɗan shekara wajen talatin. Turawa 12 ne kawai a ciki, 'yan Afirka 54. Baikie ya bi shawarar da likitan sojan ruwa Alexander Bryson ya bayar a 1847, cewa a riƙa shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya zo, ba sai ya zo ba. Ya mai da wannan doka, ya tsaya a kanta. Mu tuna fa, bai san sauro ne ke kawo cutar ba. Sai 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka. Abin da ya sani shi ne waɗanda suka sha maganin sun fi tsira, kuma wannan ya ishe shi.

Sun hau Binuwai fiye da mil 200 gaba da inda wani jirgin Turawa ya taɓa kaiwa. Da itacen inji ya yi wuya, ruwa kuma ya fara janyewa, suka juya ba su ga Barth ba. Bayan kusan wata huɗu a kogi, kowa ya fito da ransa.

Idan kwamitin bishara ya zauna zai tura ma'aikaci da iyalinsa ƙauyen da ake satar mutane a hanyarsa, mukan ji ana cewa mai yawan tambaya mai ƙarancin bangaskiya ne. Alhali Ubangiji da kansa, a Luka sura 14, ya yi maganar mai gini da ke fara zama ya yi lissafi. Mutum nawa ne lalle sai sun je? Wa ya san wurin? Yaushe za a janye su, kuma wa ke da ikon faɗa?

Shiri bai kawar da hatsari ba. A 1857 Baikie da Crowther sun koma cikin jirgin Dayspring, suka sauke Rabaran John Taylor ya buɗe tashar mishan a Anaca, sai jirgin ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace. Suka yi zango a bakin kogi wajen shekara guda kafin wani jirgi ya zo. Crowther ya yi amfani da zaman yana nazarin Nufanci, yana ziyartar Rabba. A 1864 aka keɓe shi bishop na wannan yanki.