Tukunyar da Ta Zaga Duniya: Tarihin Yaran Musical Youth

Mu da aka haifa a Zuru wajejen 1990, waƙar ta girme mu. Mun taso mun iske ta a kaset ɗin yayyenmu da kawunnanmu, musamman waɗanda suke zuwa hutu daga barikin soja da babbar rediyo mai cin batir shida. Ranar Sallah ko Kirsimeti, ko bayan an tashi daga filin Uhola, idan aka gaji da Bob Marley sai a sauya kaset, siririyar muryar wani yaro ta buɗe waƙa, manya su miƙe. Ba mu san abin da yake faɗa ba. Sunanta kawai muka riƙe, "Pass the Dutchie", kuma mun ɗauka 'yan Jamaika ne. Ashe yaran makaranta ne daga birnin Birmingham na Ingila.

An kafa ƙungiyar Musical Youth a 1979. Gida biyu ne suka haɗa ta: Michael da Kelvin Grant, wa da ƙane, sai Junior da Patrick Waite, su ma wa da ƙane. Iyayensu na cikin mutanen Jamaika da suka yi ƙaura zuwa Ingila neman abinci. Mahaifin su Patrick, Freddie Waite, tsohon mawaƙi ne, ya yi zamani da ƙungiyar The Techniques a Jamaika. Shi ya koya wa yaran kiɗa, shi ne kuma yake ja musu baki da farko. Da John Peel na gidan rediyon BBC ya sa waƙarsu, kamfanin MCA ya ɗauke su, sai dattijon ya matsa gefe, Dennis Seaton, sa'ar yaran, ya karɓi jan baki.

Zamanin ba mai daɗi ba ne. Masana'antun Birmingham suna ta rufewa. A 1981 tarzoma ta ɓarke a unguwar Handsworth, inda baƙaƙe suke da yawa, a farkon 1982 kuma marasa aikin yi a Birtaniya suka haura miliyan 3. A cikin wannan hali waƙar ta fito, a watan Satumba na 1982, lokacin Zuru tana cikin Jihar Sakkwato, don Kebbi sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Ƙaraminsu, Kelvin, shekararsa 11. Manyan ba su wuce 15 ba.

Waƙar aro ce. Ƙungiyar Mighty Diamonds ta Jamaika ce ta fara rera ta da sunan "Pass the Kouchie", kuma lofen tabar wiwi ake nufi, wanda ake zagayawa da shi a majalisa. Ita ma ɗin an ɗora ta ne a kan wani tsohon kiɗa mai suna "Full Up" na gidan naɗar faifai na Studio One. Ba zai yiwu a bai wa yara waƙar wiwi ba, sai aka mayar da lofe tukunya, domin "dutchie" a bakin 'yan Jamaika tukunyar girki ce ta ƙarfe. Aka kuma saka zancen yunwa a ciki. Wato abin da kawunnanmu suke takawa a tsakar gida, kukan yaro ne da yake jiran a miƙo masa tukunya.

Tukunyar kuwa ta cika. A watan Oktoba waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta yi mako uku a can. A farkon 1983 ta kai ta 10 a Amurka. An sayar da faifanta sama da miliyan 4. Hoton waƙar, wanda Don Letts ya shirya, yana cikin na baƙaƙe na farko-farko da tashar MTV ta riƙa nunawa. Kundinsu The Youth of Today ya samu kasuwa, suka yi waƙa da Donna Summer, aka sa su takarar lambar Grammy ta sababbin mawaƙa a 1984, Culture Club ta cinye.

Daga nan rana ta fara yin sanyi. Kundi na biyu, Different Style!, wanda ya fito a 1983, ya karkata zuwa ɗanɗanon Amurkawa, bai yi tasiri ba. Muryoyin yaran suka fashe, abin da ake saye a wurinsu ke nan, yarinta, ita kuwa ba ta jiran kowa. Rigimar kuɗi ta shiga tsakanin iyaye da masu kula da harkar. A 1985 Dennis ya fita, ƙungiya ta watse. Daga hawa zuwa sauka, shekara uku. Babu ɗan shekara 20 a cikinsu.

Abin da ya biyo baya ne kaset bai kawo mana ba. Patrick Waite ya faɗa hannun hukuma, ya yi zaman gidan yari, ya rasu a 1993 da ciwon zuciya yana da shekara 24. Yayansa Junior ya daɗe yana fama da taɓin hankali, ya rasu a Birmingham a watan Yuli na 2022. Kelvin ya janye jikinsa shekara da shekaru. Dennis da Michael ne suka farfaɗo da sunan a 2001, su biyu.

Ina kuɗin suka tafi? Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san wannan ciwo: wanda ya kwana yana aiki daban, wanda sunansa yake kan takarda daban. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai na wanda ya tsara ta, akwai na faifan da aka naɗa. Na farko ya bi marubutan Jamaika, na biyu yana hannun kamfani, yara kuma sai abin da yarjejeniya ta yanka musu, yarjejeniyar da manya suka sa wa hannu. Da suka girma sun kai tsofaffin lauyoyinsu ƙara a kan haƙƙin waƙar, amma a 2012 kotu a Landan ta ce ba su da nasara.

A 2022 waƙar ta sake tashi. Shirin Stranger Things na Netflix ya saka ta, yaran da ba su taɓa riƙe kaset ba suka shiga nemanta a waya. A watan Agusta na shekarar aka rera ta a bikin rufe wasannin Commonwealth a Birmingham, makonni kaɗan bayan rasuwar Junior, wanda ya buga mata ganga.

Yau a Zuru, a Kano, a Kaduna, kullum sai wani yaro mai murya ko barkwanci ya yi tashe a TikTok, wani babba ya fito ya ce shi ne manajansa. Mukan tura wa juna hoton, mu yi dariya, mu wuce. Da wuya a samu mai tambayar da sunan wa aka buɗe shafin, asusun wa kuɗin suke shiga, ko yaron ya je makaranta ranar. Idan ƙanenmu ne ko ɗan maƙwabci, tambayoyin nan uku sun wajaba a kanmu tun muryarsa ba ta fashe ba.