Tasirin Zazzaɓi da Raɗaɗi ga Masu Farfaɗiya da Shanyewar Ɓarin Jiki a Yankin Gitata

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda wata rashin lafiya ta daban, kamar zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ko raɗaɗin rauni, kan tayar da alamomin cutar ƙwaƙwalwa da ta riga ta lafa, tare da auna abin da hakan ke nufi ga mazauna Gitata, garin manoma da ke kan hanyar Keffi zuwa kudancin Kaduna. Hujjar da ta kafa ita ce, abin da iyali ke ɗauka dawowar tsohuwar cuta ce, sau da yawa wani sabon ciwo ne a wani sashe na jiki ya raunana ƙwaƙwalwar.

Farfaɗiya da zazzaɓi

Farfaɗiya kan tashi ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka saki saƙonnin lantarki fiye da kima a lokaci guda, har mutum ya faɗi yana jijjiga ko hankalinsa ya gushe na ɗan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 za su iya daina faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace. Kowace ƙwaƙwalwa tana da iyakar abin da take jurewa kafin jijjiga ta ɓarke, aikin magani kuwa shi ne ɗaga wannan iyaka.

Zazzaɓin cizon sauro, wanda Nijeriya ke ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da shi a duniya, kuma yake tsananta a Jihar Nasarawa, inda Gitata take, a daminar da kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, yana rage wannan iyaka ta fuskoki da dama. Zafin jiki da kansa yana sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa saurin tashi, amai yana fitar da ƙwayar maganin kafin ta shiga jini, rashin ci kuma yana sauke sukari da gishirin jini. Akwai ma saɓani tsakanin magungunan, domin kabamazafin da fenobabiton, magungunan farfaɗiyar da aka fi samu a karkara saboda araha, suna sa hanta ta gaggauta narkar da haɗin atemita da lumefantirin, ta yadda maganin zazzaɓin kan rasa wani ɓangare na ƙarfinsa.

Raɗaɗi da tiramadol

Raɗaɗi yana hana barci, rashin barci kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya. Sai dai haɗarin da ya fi wannan yana cikin abin da ake sha don kashe raɗaɗin. Manomin da yin kunyar doya ya bar shi da ciwon baya, ko ɗan acaɓan da ya yi karaya, yakan nufi kemis ya nemi tiramadol, maganin da aka tabbatar yana haddasa jijjiga ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba, musamman idan aka wuce ƙa'ida. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai nauyin miligiram 50 da 100, alhali mai 225 na yawo ta bayan fage. Ba mai farfaɗiya wannan magani ba tare da shawarar likita ba ganganci ne.

Dawowar alamomin shanyewar ɓarin jiki

Wanda ya warke daga shanyewar ɓarin jiki yana tafiya ne da taimakon sassan ƙwaƙwalwa da suka karɓi aikin ɓangaren da ya mutu, kuma waɗannan sababbin hanyoyi ba su da juriyar na asali. Wani bincike da aka yi a Babban Asibitin Masacusets na Amurka, aka buga a 2017, ya nuna cewa shigar ƙwayoyin cuta, da faɗuwar bugun jini, da ƙarancin gishiri a jini, da rashin barci, suna iya dawo da nauyin harshe ko mutuwar hannu ba tare da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna sabuwar ɓarna ba, kuma alamomin kan janye idan aka magance musabbabin. Wannan ya shafi tsofaffi ƙwarai, domin ciwon mafitsara ko na huhu a wurinsu yakan zo da ruɗewa kawai, har a danganta shi da iska ko gigin tsufa.

Duk da haka, ba a gida ake yanke hukuncin cewa tsofaffin alamomi ne kawai suka dawo ba, tunda sabuwar shanyewa da sanƙarau da zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa duk suna iya zuwa da irin wannan kama. Ma'aikacin lafiya a matakin farko yana iya auna zafin jiki da sukari da hawan jini, ya yi gwajin zazzaɓi na gaggawa da ke fita cikin minti 20, ya tambayi ko an yi fashin magani ko an sha wani sabo. Amma jijjigar da ta wuce minti 5, ko sanƙarewar wuya, ko rashin farfaɗowa, ko raunin da ya bayyana a ɓarin da ba shi ya shanye a da ba, suna buƙatar a garzaya da majinyaci Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi.