Kwalekwalen Dufuna: Jirgin Ruwa Mafi Tsufa Da Aka Tono A Afirka

Kwalekwalen Dufuna shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa ganowa a nahiyar Afirka, kuma yana cikin ukun farko a duniya baki ɗaya. Ba a bakin teku aka same shi ba. A ƙauyen Dufuna aka tono shi, cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, tsakanin Potiskum da Gashuwa, yankin da a yau aka fi saninsa da ƙarancin ruwa da gurgusowar hamada.

A shekarar 1987, lokacin da wurin ke cikin tsohuwar Jihar Borno, wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya domin shayar da dabbobinsa sai ya ci karo da wani itace mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon ya sare shi ya ci gaba da haƙa, sai ya kai labari ga magabata. Wannan shawara tasa ce ta ceci jirgin. Daga baya masana kayan tarihi na Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka buɗe wurin a 1994. Sun tarar da kwalekwalen kwance a zurfin kimanin mita 5, ƙarƙashin shimfiɗun laka da rairayi, ba nisa da kogin Komadugu Gana.

Tsawonsa mita 8.4 ne, faɗinsa kuwa kimanin rabin mita. Daga kututturen bishiya ɗaya aka fafe shi, dangin maɗaci. Ɗakunan gwaji biyu a Jamus sun auna shekarun itacen ta hanyar gwajin sinadarin kabon, sakamakon ya nuna ya kai shekara 8,000. Kwalekwalen Pesse da aka samu a ƙasar Holan a 1955 ya girme shi, amma na Dufuna ya girmi dalar Giza ta Masar da fiye da shekara 3,000.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne kyan sassaƙar. Goshin jirgin da bayansa duk an tsuke su an fiƙe, yadda zai tsaga ruwa ba tare da wahala ba, jikinsa kuma an fafe shi har ya yi sirara. A wancan zamani babu ƙarfe. Da gatari da gizago na dutse aka yi aikin. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masassaƙi yana fafe turmi da gizagon ƙarfe zai gane nauyin wannan magana. Irin wannan ƙwarewa ba ta samuwa a gwajin farko, don haka masana ke ganin sana'ar sassaƙa jirgi ta daɗe a yankin kafin a yi wannan.

Me jirgi ke yi a irin wannan ƙasa? A lokacin, Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa, har faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000 a ganiyarsa. Tsohuwar gaɓarsa tana nan har yau, wato doguwar jigawar da ta ratsa Bama da Maiduguri. Koguna suna kwarara zuwa cikinsa cike da ruwa. Ba a sami kaya cikin kwalekwalen ba, saboda haka ba za a kira shi jirgin fatauci kai tsaye ba. Sai dai girmansa ya isa su da fito, kuma inda ake fito ana musayar kaya.

Ruwan da ya binne shi ne ya adana shi. Itacen da ya nutse cikin laka mai danshi, inda iska ba ta shiga, gara da ƙwayoyin ruɓewa ba sa samun damar cin sa. Haka lamarin yake ga jiragen da suka nitse a teku. Hatsarin yana farawa ne ranar da aka fito da itacen: idan ya bushe da sauri, sai ya tsattsage ya ƙanƙance. Shi ya sa ake jiƙa irin wannan itace cikin sinadari na tsawon lokaci kafin a nuna shi. An kai kwalekwalen Damaturu, inda yake hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Hukumar UNESCO ta zartar da yarjejeniyar kare kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa a 2001, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya suna da sashen koyar da binciken kayan tarihi. Duk da haka, galibin irin waɗannan kayayyaki ba masana ne ke fara ganinsu ba. Masu haƙa rijiya ne, da masu ɗibar yashi a bakin kogi, da 'yan kwangilar hanya. Dokar ƙasa ta hana sayar da kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izini ba, kuma ta wajabta wa wanda ya ci karo da su ya sanar da hukumar gidajen tarihi.