Ɓarin ciki a kai a kai: ina hannun garkuwar jiki a ciki?

Idan mace ta yi ɓari sau biyu ko uku a jere, a Garwa ko Marwa, zargi kan faɗa kan kishiya, ko aljanu, ko ita matar. A asibiti kuwa, kusan rabin masu wannan matsala ba a gano musu dalili ko da an yi duk gwaje-gwaje. Wannan ne ya sa masana suka karkata ga garkuwar jiki.

Tun a 1953 masanin Birtaniya Peter Medawar ya yi tambayar da ake nazari har yau: rabin halittar tayi daga uba yake, to me ya hana jikin uwa ya yaƙe shi kamar baƙon abu? Amsar tana cikin fararen ƙwayoyin jini da ke taruwa a bangon mahaifa. A watanni uku na farko, kusan kashi 70 cikin 100 nasu irin da ake kira NK ne. A cikin jini aikinsu kashe ƙwayoyin da cuta ta kama, amma a mahaifa suna taimakawa wajen buɗe jijiyoyin da ke kai wa mabiyiya jini. Akwai kuma ƙwayoyin T masu kwantar da garkuwa don ta bar tayin ya zauna.

An ga bambanci a yawan waɗannan ƙwayoyi wajen wasu masu yawan ɓari, sai dai bincike bai tabbatar cewa su ne sanadi ba. Auna NK a jinin hannu ba ya nuna abin da ke cikin mahaifa. Shi ya sa ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, ba ta ba da shawarar yin wannan gwaji ba, haka ma allurar fararen ƙwayoyin jinin miji ga mata. Kada a sayar da gona ko shanu a kansu.

Cutar garkuwa da aka tabbatar tana jawo ɓari ita ce APS, wadda likita Graham Hughes ya bayyana a 1983. Tana sa jini ya daskare, har a jijiyoyin mabiyiya. Ana gano ta da gwajin jini sau biyu, da tazarar mako 12, kuma ana maganinta da ƙaramin asfirin da allurar hefarin bisa umarnin likita.

A arewacin Kamaru akwai abin da ya fi kusa: zazzaɓin cizon sauro, musamman da damina. Ƙwayar cutar na maƙalewa a mabiyiya, garkuwa ta taru a wurin, kumburi ya biyo baya, cikin kuma yana iya zubewa. Kariyarsa ita ce kwana a gidan sauro, da fara awo da wuri, da shan Fansidar na rigakafi da ake bayarwa a wurin awo daga wata na huɗu.

Wadda ta yi ɓari biyu ta je asibiti tare da mijinta, kamar Asibitin Lardi na Garwa, a duba siffar mahaifa da ciwon suga da maƙoƙo, a kuma tambayi gwajin APS. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga kuskuren halittar tayin ne, ba laifin kowa ba. Kuma mafi yawan matan da ba a gano musu dalili ba sukan haihu lafiya daga baya.